Shanyewar ɓarin jiki: kafin a sayo na'ura, wa zai juya majinyaci?

Duk ranar da aka ce ɓarin jikin wani ya shanye a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, maganar da ke biyo bayan salati da jaje kusan ɗaya ce: ina za a kai shi? Wasu su ce Sakkwato, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wasu su ce Gusau, ko dai Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. In gidan masu naira ne sai ka ji ana ambaton Kano da Alƙahira da Indiya. Wanda ba shi da ko kuɗin mota kuwa, ɗaki ake gyara masa, a aika a kira malam da mai magani. Daga nan hirar majalisa ta koma kan gwamnati: don me sai an yi doguwar tafiya kafin a ga babban likita a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa? Yaushe za a kawo mana irin na'urorin da ake gani a birni?

Ban ƙi na'ura ba, kuma zan dawo kanta. Amma ra'ayina shi ne, a yankinmu abin da ya fi raba wanda zai fita asibiti da sanda a hannu da wanda za a fitar a makara shi ne irin jinyar da ya samu a makon farko da na biyu. Wa ya duba ko yana iya haɗiya kafin a ba shi kunu? Wa ya auna zafin jikinsa da tsakar dare? Wa ya juya shi kafin bayansa ya ɓarke? Wannan duk aikin nas ne, kuma shi ne aikin da muka fi rainawa, a baki da kuma a kasafin kuɗi.

Ciwon kansa daga ƙwaƙwalwa yake, ko da yake a hannu da ƙafa da baki ake ganinsa. Ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya, sashen da take shayarwa ya rasa jini, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Babban binciken da aka yi a Najeriya da Gana mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suka shiga ciki, ya fitar da sakamako a 2018 kan majinyata sama da 2,000. Kusan kashi biyu cikin uku toshewa ce, kashi ɗaya cikin uku fashewa. Hawan jini kuma shi ne uban tafiya, don an danganta masa kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin kamuwa. Akwai allurar da ke narkar da gudan jini, amma sai cikin awa huɗu da rabi daga lokacin da abin ya faru, kuma sai hoto ya tabbatar ba fashewa ba ce. To, ɗauki manomi a wani ƙauye bayan Maradun wanda ya faɗi bayan sallar isha'i. Wane direba ne zai yarda ya hau hanya da daren nan a halin da ake ciki? Sai gari ya waye, a nemi babur, a kai shi bakin titi, a nemi mota. Kafin ya ga fuskar ma'aikacin lafiya awa huɗu da rabi ta zama tarihi. Mun ma ga lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara a Satumban 2021, ko kiran taimako ba ya yiwuwa. Yawancin majinyatanmu suna isa asibiti bayan ɓarnar farko ta riga ta auku. Abin da ya rage shi ne a hana ta biyu, wadda sau da yawa ita ke ɗaukar rai.

Ɓarna ta biyu daga baki take farawa. Kusan rabin waɗanda ciwon ya kama suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko, domin naman maƙogwaro ma yana shanyewa kamar yadda hannu ke shanyewa, sai dai ba a ganinsa. Mu kuwa al'adarmu ita ce, ƙauna a cokali take. Mara lafiya bai ci ba? Ai dole hankali ya tashi. Sai uwargida ta damo kunu, 'ya ta kawo fura mai ruwa-ruwa, ƙanin maigida ya zo da rubutu a gora, a tallabo kansa yana kwance a ɗura masa. Ya yi tari a ce sannu, a ɗan dakata, a ƙara. Wani ma ko tarin ba ya yi, abin ya bi hanyar iska ya sauka huhu shiru. Bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi sama, ƙirji na ƙara. A ce ciwo ya ci ƙarfinsa. Alhali kunun nan ne ya zama ciwon huhu, kuma ciwon huhu yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan lalura a makonnin farko.

Maganin wannan ba ya buƙatar wutar lantarki. Nas ce za ta zaunar da shi sosai, ta tabbatar a farke yake, ta ba shi ruwa cokali ɗaya tana kallon maƙogwaronsa, tana sauraren muryarsa bayan ya haɗiye. In ya ƙware, ko muryar ta jiƙe, ko ruwan ya dawo ta gefen baki, sai ta hana a ba shi komai ta baki, a sa masa ƙarin ruwa, in abin ya ɗauki kwanaki a zura robar hanci a riƙa ba shi abinci da magani ta nan. A kullum kuma a goge masa baki da haƙora, don ƙazantar baki ita ce ke bin yawu ta sauka huhu. Gwajin ba ya cin minti goma. Abin da ke da wuya shi ne tsayawa gaban dattijuwar da ta shekara arba'in tana ciyar da mijinta a ce mata, “Inna, don Allah a dakata da kunun nan tukuna.” Za ta ce, “Haba 'yar nan, da yunwa za mu bar shi?” Nan ake gane nas ta gari. Wadda ta daka tsawa ta wuce, da ta juya baya za a ɗura masa. Wadda ta zauna ta nuna wa Inna yadda ruwan ke ƙware shi, ta bayyana mata cewa robar hanci hanyar abinci ce ta ɗan lokaci, ba alamar mutuwa ba kamar yadda mutane da yawa suka ɗauka, ita ce ta ceci huhun.

Wani zai ce wannan zancen marubuci ne kawai. To akwai hujja. A jihar New South Wales ta Ostareliya, wata farfesar aikin jinya mai suna Sandy Middleton ta jagoranci gwaji a sassan masu shanyewar jiki guda 19, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2011. Ba su kawo sabon magani ba. Abu uku kawai aka tsara wa nas-nas a kwana ukun farko: a riƙa auna zafin jiki duk bayan awa huɗu, in ya kai 37.5 a sauke shi da farasitamol; a riƙa auna sukari a gyara shi in ya hau; a gwada haɗiya kafin a ba da abinci. Bayan kwana 90, a sassan da aka bi tsarin kashi 42 cikin 100 ne suka mutu ko suka kasa kula da kansu, a inda ba a bi ba kuwa kashi 58. Bambancin mutum 16 cikin kowane 100. Da wani kamfani ne ya fito da ƙwayar da ke yin haka, da yanzu ana sayar da gonaki don a saya. Dalilin a fili yake: kewaye da sashen ƙwaƙwalwar da ya mutu akwai wani sashe da ya galabaita, yana tsakanin rayuwa da mutuwa, zazzaɓi da hawan sukari su ne ke ƙarasa shi. Yanzu ka tuna zafin Afrilu a Mafara, ga rufin kwano, ga fanka a tsaye, ga mutumin da ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa. Ka tuna sauron damina a yankin noman rani na Bakolori. In zazzaɓi yana da haɗari ga majinyacin Ostareliya, namu fa?

Tun kafin wannan gwaji, an riga an gano cewa tara masu wannan ciwo wuri ɗaya a hannun ma'aikatan da suka saba da su yana rage mutuwa. An gwada a Trondheim ta ƙasar Norwe aka buga a 1991, sannan Peter Langhorne na Glasgow da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwajen da aka yi suka nuna haka a 1993, kafin ma a fara amfani da allurar narkar da gudan jini a ko'ina. Abin da waɗannan sassa suka fi sauran ɗakunan kwanciya da shi galibi jinya ce mai tsari da aiki tare da masu gashin ƙashi.

Akwai kuma aikin da ba wanda ke son ambata a taro. Wanda ba ya iya motsi, in aka bar shi a gefe ɗaya, fatar ƙugu da ta ɗuwawu da ta dunduniya takan mutu, ta buɗe ta zama gyambo, wani har ana hango ƙashi. Ƙa'idar da kowace ɗalibar jinya ta haddace ita ce a juya shi duk bayan kamar awa biyu, dare da rana, a tsane masa fitsari, kada a bar shi kan leda tsirara cikin gumi. Robar fitsari tana sauƙaƙa wa kowa aiki, shi ya sa ake son ta, amma kowace ranar da ta ƙara a jiki tana ƙara haɗarin cuta ta bi ta, don haka nas mai lura ita ce ke tuna wa likita a cire. Sai kafaɗa. Sau nawa muka ga samari biyu sun kama hannun Baba wanda ya shanye sun finciko shi don su zaunar da shi? Naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, sai gaɓar ta goce, ciwon da zai hana shi yarda a taɓa hannun na tsawon watanni ya samu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Yadda za a ɗaga shi, inda za a sa matashi, yadda za a miƙe yatsu kada su dunƙule, duk ilimi ne da ake koya.

Masu cewa na'ura ce gaba suna da gaskiyarsu, ba zan tauye musu ba. In ba hoto, likita ba zai san toshewa ce ko fashewa ba, kuma asfirin da ke taimakon mai toshewa yana iya ƙara wa mai fashewa zubar jini. Tun da kashi ɗaya cikin uku na namu fashewa ce, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Amma hoto yana gaya maka sunan abin da ya faru ne, ba ya juya kowa a gado. Majinyacin da aka kai Sakkwato aka ɗauki hotonsa, har yanzu yana buƙatar mai gwada haɗiyarsa. Kuma na'urar na buƙatar wuta marar yankewa, da injiniyan gyara, da ƙwararren mai karanta hoto. Ko akwai wanda bai taɓa jin labarin na'ura mai tsada da aka buɗe da kaɗe-kaɗe a wani asibitin ƙasar nan, bayan shekara ta zama wurin ajiye ƙura ba? Kuɗin na'ura ɗaya da janaretonta zai horar da nas-nas masu yawa ya biya su alawus na shekaru. In ana iya yin duka biyun, madalla. In dole a zaɓi na farawa, ni da mutum zan fara. Ko a ƙofar asibiti ma, ɗan tsinken gwajin sukari da ke hannun nas yana iya nuna cewa wanda aka kawo baki a karkace sukarinsa ne ya faɗi ƙasa, a ba shi gulukos ya tashi. Ita ce kuma ta san cewa ba a faɗar da hawan jinin mai toshewa da gaggawa, saɓanin abin da wasu masu kemis ke yi na danna allura da zarar sun ga awo ya hau.

Hujja ta biyu ta masu ja da ra'ayina ta fi ta farko shiga rai. Ana cewa, mu ba Turawa ba ne da ake barin tsoho shi kaɗai a asibiti. Kowane gado a nan yana da mai jinya a gindinsa, wani ma uku, da tabarmarsu da butarsu. Su ke wanka, su ke wanki, su ke ciyarwa. Me zai hana a koya musu aikin kawai, a huta da neman nas ɗin da babu? Tunanin yana da daɗin ji, kuma an gwada shi a ƙasar da ta yi kama da mu wajen zumunci da talauci. A Indiya an yi gwajin ATTEND a asibitoci 14 da majinyata 1,250, aka koya wa iyalai motsa jiki da kula da mara lafiya, sakamakon ya fito a 2017. Bayan wata shida babu bambanci tsakanin waɗanda aka koya wa iyalansu da waɗanda ba a koya ba, wajen mutuwa ko dogaro da wani. Wannan sakamako bai yi wa masu neman hanya mai araha daɗi ba, amma gaskiya ce. Darasin da na ɗauka shi ne, ɗan horo na 'yan kwanaki ba ya mayar da ɗa ko mata ƙwararru. Dangi suna da hannu da haƙuri da ƙauna, ba su da idon da zai ga cewa numfashin yau ya fi na jiya sauri, ko ƙafa ɗaya ta kumbura saboda jini ya daskare a jijiya, ko barcin nan da ake cewa “ya samu sauƙi yana hutawa” suma ce ke ƙara zurfi. Don haka ba na cewa a kori masu jinya daga ɗakin kwanciya. In an kore su asibitocinmu rufewa za su yi. Ina cewa su zama hannuwa, nas ta zama ido. A rubuta lokutan juyi a takarda a manna a kan gado, ɗan majinyaci ya juya, nas ta zo ta duba fata ta sa hannu.

Ilimin nan ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. An daɗe ana ganin cewa gwargwadon saurin tayar da majinyaci gwargwadon warkewarsa. Sai gwajin AVERT, mai majinyata sama da 2,000 a ƙasashe biyar, ya nuna a 2015 cewa tayar da shi da yawa cikin awa 24 na farko yana rage damar warkewa. Barinsa a kwance mako biyu kamar buhu illa ce, finciko shi ranar farko a ce “tashi ka taka, kada jiki ya saba” ita ma illa ce. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, bayan jiki ya daidaita. Wa zai san wannan ma'auni a cikin dangi? Kuma a inda mai gashi ɗaya ne ko babu, wa ya rage in ba nas ba?

Na san abin da ke ran mai karatu tun ɗazu. “Malam, wace nas kake magana? Waɗanda in ka kira su da dare sai sun gama latsa waya? Waɗanda ke yi wa sa'ar uwarsu tsawa?” Ƙorafin nan gaskiya ne a wurare da yawa, kuma ba zan wanke kowa ba. Mai shanyewar jiki sau da yawa yana jin duk abin da ake faɗa, harshe ne kawai ya ƙi. Ka tsaya a kansa kana cewa “wannan ai ya gama” kamar ba ya wurin, wannan zalunci ne ko daga bakin wa ya fito. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira suna faɗawa cikin baƙin ciki mai tsanani, kuma wanda ya yanke ƙauna ba ya yarda ya motsa. Magana mai daɗi a nan tana cikin magani. Nas ɗin da ba ta da ita ta gaza a aikinta, a hukunta ta.

Amma kada a bar jaki ana dukan taiki. Yi lissafi da kanka: mutum ɗaya a aikin dare, ɗaki cike da gadaje, ga mai ciwon suga, ga wanda aka harba, ga mai amai da gudawa, ga masu shanyewar jiki uku da kowanne ke son juyi duk awa biyu. Ko waliyyiya ce ba za ta iya ba. A Fabrairun 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, 15,000 a 2023 kaɗai. Martanin hukumar shi ne tsaurara ƙa'idar tantance takardu ga masu son fita, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Toshe ƙofa ba ya sa mutum ya so ɗaki. Mu a nan ma ba Ingila ce ke fara kwashe mana su ba. Asibitin tarayya yana ɗauke na jiha don albashi ya fi, ƙungiyoyin agaji suna ɗaukar nasu, birni yana janye na karkara, tsoron masu garkuwa da mutane kuma yana sa wanda aka tura ƙauye ya yi ta neman a mayar da shi Gusau. Za ka zarge shi?

Akwai wata fuskar da ta shafi mata. Tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye tana buƙatar a wanke ta, a sauya mata zane, a duba inda ba ta son kowa ya gani. In namiji ne kaɗai ke bakin aiki, ita da 'ya'yanta za su ce a bari, gyambo kuma ba ya jiran kunya ta wuce. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 a jihohi biyar ciki har da Zamfara, ya gane wannan, ya riƙa ɗauko 'yan mata daga karkara yana ba su shekarar share fage don su cancanci shiga makarantun jinya da ungozoma, su koma garuruwansu su yi aiki. Tunanin daidai ne, domin 'yar Bakura da aurenta da iyayenta ke Bakura ta fi baƙuwa zama. Shirin ya ƙare. Abin tambaya shi ne ko mu da kanmu, attajiranmu da ƙananan hukumominmu da masarautunmu, za mu iya ɗaukar nauyin 'ya'yanmu a makarantar jinya ta Gusau da ta kiwon lafiya ta Tsafe ba tare da jiran baƙo ba. Maigidan da ya hana 'yarsa karatun jinya, ranar da mahaifiyarsa ta kwanta wa yake so ya taɓa ta?

Game da masu cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne, iska ce ta buge shi ko jifa aka yi masa, ba zan tsawaita ba. Mutum lafiyayye ya shiga banɗaki ya faɗi baki a karkace, dole zuciya ta nemi dalili, kuma hawan jini ba ya ciwo balle a zarge shi. Ban ga dalilin faɗa da addu'a ba. A yi tofi, a yi ruƙiyya a bakin gado, a shafa rubutu a jiki. Abin da nas za ta tsaya a kai shi ne uku: ba ɗura ga wanda ba ya haɗiya, ba hayaƙi a rufaffen ɗaki ga mai wahalar numfashi, ba gasa gaɓar da ba ta jin zafi da ruwan zafi ko garwashi, don ƙuna ake samu mai jinya bai sani ba. Malaman da ake kira su ma a zauna da su. Kalma ɗaya daga limami cewa a kai shi asibiti yau, ta fi takardar wayar da kai dubu.

Yanzu ga abin da ke ci mini rai. Bakura ta ba Zamfara gwamna, Ahmad Sani, daga 1999 zuwa 2007. Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019. Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24 ke nan mulkin jihar ya yi a hannun 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku. Ba na cewa ba su yi komai ba. An yi gine-gine, an yi hanyoyi, ga jami'ar jiha ma a Mafara. Gwamna Dauda Lawal shi ma ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024, aka shiga gyaran asibitoci. Sai dai siyasarmu, ta kowace jam'iyya, ta fi son abin da ake yanke masa kyalle a ɗauki hoto. Ba a buɗe nas da almakashi. Albashinta ba ya fitowa a allon talla, kuma gyambon da bai fito ba saboda ta juya majinyaci ba wanda zai gani balle ya yaba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin jiha ba. A ware gadaje kaɗan a babban asibitin Talata Mafara, tun da shi ke kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, wasu ɓangaren maza wasu ɓangaren mata, na masu wannan ciwo kaɗai. A zaɓi nas-nas a tura su asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Malam Aminu Kano su ga yadda ake yi, in sun dawo kada a watsa su wasu ɗakuna bayan wata uku kamar yadda aka saba. A ba su ma'aunin zafi, na'urar awon jini, tsinken sukari, robar hanci, matasai da katifu masu kyau, da takarda ɗaya mai tsarin kwana ukun farko. Asibitocin Bakura da Maradun su riƙe tsari iri ɗaya, su san wanda za su riƙe da wanda za su tura. A biya alawus ɗin karkara da na dare a kan lokaci, a ba su masauki mai tsaro a harabar asibiti. Kuma a buɗe littafi: mutum nawa aka kwantar, nawa aka gwada haɗiyarsu, nawa suka yi gyambo, nawa suka koma gida da rai.

Ranar sallama ita ma ta nas ce. Mafi yawan warkewar da za a samu a wata ukun farko take zuwa, kuma a gida za a yi su. Ita ce za ta sa ɗan majinyaci ya nuna mata da hannunsa yadda zai zaunar da Baba ya ci tuwo mai laushi, yadda zai tallabe shi ta ɓangaren da ya shanye ba tare da jan hannu ba. Ita ce za ta nanata cewa maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi, domin wanda ciwon ya taɓa sau ɗaya ya fi kowa haɗarin ya dawo masa, a kuma rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa. Ta rubuta masa takarda zuwa ƙaramin asibitin garinsu inda za a riƙa auna shi. Wannan zama yana cin rabin awa ko fiye, kuma nas mai gadaje talatin ba ta da rabin awa.

Don haka in 'yan majalisarmu na jiha masu wakiltar Mafara da Bakura da Maradun suka zauna da kwamishinan lafiya kan kasafin baɗi, ina roƙon su ajiye tambayar gini nawa aka yi wa fenti zuwa anjima. Su fara da wannan: a daren jiya, nas nawa suka kwana a ɗakin maza na kowane babban asibiti a yankinsu, nawa a ɗakin mata, kuma gado nawa kowace ta riƙe?